Ƙuri'ar Gwenda

…ku ne dai. Ku kuka ce a zo da biro. Ban san sunayenku ba, ban taɓa ganin fuskar ko ɗayanku ba, amma ku ne — a waya, a mashaya, a bakin shagon jarida, magana ɗaya kamar an haɗa baki: kada ka yarda da fensirin da suka ɗaure da zare a rumfar zaɓe, Roy, fensir ana goge shi, suna rufe ƙofa za su juya maka ƙuri'a. Ni kuma, ni Royston Blanchard, da na yi shekara talatin da ɗaya a kan sitiyarin tirela, babu tashar jirgin ruwan da ban ci abinci a bakinta ba daga nan har Rotterdam, babu ɗan kwastan da ya taɓa yi min wayo — na soke biro a aljihun gaba na tafi ina taƙama. Kada a goge min.

To ba a goge ba. Hankalinku ya kwanta?

Ƙarfe uku da ashirin. Matar da ta kira ni a waya ɗazu ta ce za ta sake kira ƙarfe huɗu. Murya sumul, irin ta mutanen da ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi jakar hannu nauyi ba. Wai jin ra'ayin jama'a suke yi: ficewar da muka yi daga Tarayyar Turai, daidai ne ko kuskure? Wai ko ina nadama. Na ce mata, baiwar Allah, ina da miya a wuta da mata da ba ta ci abinci ba kwana uku, ke kina tambayata Turai? Ta ce ta fahimta. Me ta fahimta…

Kwana uku. Shayi kawai, shi ma kurɓa biyu. Nas ta zo jiya ta ɗora ta a sikeli, ta rubuta, ta kalle ni ta saman tabarau. In Gwenda ba ta ci ba zuwa Juma'a, za su ɗauke ta su kai gidan kula da tsofaffi. Yau Laraba. Matata, shekara arba'in da bakwai da aure, a ɗauke ta a kujera mai taya a wuce da ita ta gabana saboda cokali ya gagare ni. Ni da nake juya tirela da baya a lungun da keke ma sai ya yi dabara.

Ga ta can bakin taga. Ba ta motsi. Gonar furen maƙwabcinmu Tasker ta cika gilashin, rawaya tun daga shinge har inda hazon teku ya haɗiye ta. Duk ɗan garin nan ya san furen dafodil tun yana ƙulle ake tsinkarsa, kore, bai buɗe baki ba. Gonar da ta yi rawaya gonar da ta mutu ce, ba a samu masu tsinka ba. Baƙi na tsayawa a bakin titi suna ɗaukar hoto, wai kyau. Kyau… Hasken yana shigowa kicin ya kwanta a fuskar Gwenda, sai ta zama kamar kakin kyandir. Da, a watan Maris, tun da sassafe motoci ke jeruwa, mutane sunkuye layi-layi cikin rigunan ruwa, suna kiran juna da yaren da ban iya ba, ina jin haushinsu daga nan ta tagar nan. Yanzu ba ko tari. Furen ne kawai ke kaɗa kai, duka tare, kamar an tambaye su wani abu sun amsa.

Kofi uku ta jera a tebur. Kullum uku. Sunana yakan ɓace mata, hanyar banɗaki takan ɓace mata, amma kofin Danuta ba ya ɓacewa.

Danuta, gidan da ke jikin namu. Daga Poland ta zo tsinkar fure, hannuwanta duk ƙuraje saboda ruwan jikin dafodil, daga baya ta koma aikin kula da marasa lafiya. Shekara goma sha ɗaya katanga ɗaya ta raba mu. Ta leƙo ta saman shinge — Mista Roy, yau ma faɗa kake da rediyo? Wa ya ci? Na ce ke tafi can, ba da ke nake ba. Ta ce ai na sani, kullum ba da ni kake ba, da sauran kake, mu miliyan ɗaya ban da ni. Gwenda ta yi dariya har tana riƙe bakin tebur. Mama take ce mata. Mama, buɗe baki. Mama, wannan mijin naki a ina kika tsince shi, a mayar musu mana.

Kuma da gaske ba da ita nake ba. Ina da dalilaina, har gobe ina da su, kada wani ɗan boko ya zo ya ce min jahilci ne. Sati uku kana jiran ganin likita. Kamfani ya kawo direbobi masu kwana a mota wata biyu, ya ce mu ma mu yi haka ko mu kama gabanmu. Garinka ya sauya a kan idonka cikin shekara biyar, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce Roy me ka gani. Sau ɗaya tak a rayuwata aka tambaye ni. Sau ɗaya. Ka tambayi mutumin da ya daɗe da magana a ciki, me kake zaton zai fito?

A'a. Ba tawa ƙuri'ar ce ke hana ni sakat ba.

Miyar na tafasa. Kabeji mai tsami, yadda Danuta ta rubuta a bayan ambulan kafin ta tafi, har da zanen cokali don kada in yi shirme. Ƙamshin daidai yake. Na san daidai yake, don hancin Gwenda ya motsa.

— Ka sa min inda na ce?

Ga ta nan kuma. Ba ta juyo ba. Gilashin take tambaya.

Na sa miki, Gwen. Na sa.

Asibiti, watan Yuni na shekarar zaɓen, an yi mata aikin ƙugu, ƙafa a miƙe, hankalinta garau a lokacin, ya fi nawa. Ita ta cike takardar wakilci da hannunta, ta sa sunana: mijina zai kaɗa min. Ta kama hannun rigata. Gidan sama na takardar ƙuri'a, Royston, a zauna a Tarayya. Ka ji ko? Kai ka yi haukanka a takardarka, tawa ka sa min a sama. Ba don Turai ba, ni ina ruwana da su, don yarinyar can ta san wani a layin nan yana so ta zauna. Na ce na ji. Ta ce maimaita. Na ce gidan sama, ranki ya daɗe, ko in rubuta a goshi? Ta ce goshin naka ai fili ne, akwai wuri.

Alhamis, ranar zaɓe. Zauren coci, warin jiƙaƙƙun riguna, tsohuwa Mrs Odling da rula tana ja wa sunaye layi. Takarda biyu ta miƙo min. Taka, da ta Gwenda, ka gaishe ta. Na shiga rumfa. Fensir na lilo a zarensa, na ture shi da bayan hannu. Na ciro biro. Tawa — gidan ƙasa, a fita, layi biyu a gicciye, na danna har takardar ta kusa hujewa. Sai tata…

Me na ce wa kaina? Na ce in na sa mata a sama, ta kashe tawa, mun tashi a tutar babu, gara ma ban fito ba. Na ce magani ne ke mata magana. Na ce ai mu ba za mu ci ba, kowa ya ce ba za mu ci ba, ƙuri'a ɗaya a cikin miliyoyi… Na ce ba mai gani. Rumfar ma don haka aka yi ta, ba mai gani.

Da fensir ne — wannan nake ta juyawa — da fensir ne, ina ninke takardar hannuna ya yi sanyi, da na murza da yatsa, da na yi wani abu. An ce ma da na koma wurin Mrs Odling na ce na ɓata, da ta ba ni wata. Ni in koma in ce na yi kuskure? A gaban layi? Ni?

Ta faɗa akwati. Ba ta yi ƙara ba.

Ba wanda ya kori Danuta, wannan ma a rubuta. Takardun zama an ce ta nema za a ba ta. Ta yi shekara uku tana jurewa. Wata rana a layin kanti wani da ta taɓa yi wa uwarsa wanka ya ce mata, ke har yanzu ba ki tafi ba? Ta dawo ta zauna a kujerar nan, ba ta cire riga ba. Gwenda ta riƙe hannunta ta ce, gidan nan dai ƙuri'a ɗaya taki ce, tambayi Roy. Danuta ta ɗago ta dube ni. Ta daɗe tana dubana. Ta ce na gode, Mista Roy.

Na ce ba komai.

Bayan tafiyarta da wata takwas Gwenda ta sa butar shayi a firij.

Uku da arba'in. Labulen gidan Danuta ya motsa. Ba kowa a gidan tun kaka, na sani, iska ce ta tagar da ta fashe… na sani.

Biron yana hannun Gwenda. Shi ne, shuɗi, mai murfin da na tattauna. Na rantse na jefa shi a magudanar bayan gona shekarun baya, na ga ya nutse — ko niyya na yi ban jefa ba? Ran Lahadi na gan shi a cinyarta. Ranar ta daina ci. Tun daga nan gicciye take zanawa, irin na ƙuri'a. A saman jarida. A saman kalanda. A saman takardar magani. Ba ta taɓa sa shi a tsakiya ko ƙasa ba, na bi na duba ɗaya bayan ɗaya kamar mahaukaci. Jiya da rana gyangyaɗi ya ɗauke ni a kujera, na farka da gicciyen a goshina. Na wanke da sabulu har fatar ta yi ja. Tawadar ba ta fita ba.

Likita ya ce masu ciwon mantuwa sukan kama abu ɗaya su yi ta maimaitawa, ba ma'ana. Shi ya sani. Shi ya yi karatu.

Sun ce yanzu fiye da rabin ƙasar na cewa kuskure ne. To su wa? Ina suke? A mashaya ba mai tayar da zancen. Abokina Len da ya liƙa tuta a motarsa, ka taɓo maganar sai ya ce yaya ƙafar Gwenda. Kowa ya yi shiru kamar gidan da aka yi abin kunya. A waya kawai ake faɗa, ga baƙuwar murya, don ita ma rumfa ce, ba mai gani.

Kwano. Cokali. Na durƙusa, gwiwa na ƙara.

— Ka sa min inda na ce?

Yau ta juyo. Idon nan nata ne, na da, mai kama ni tun kafin in buɗe baki. Yakan zo minti ɗaya, biyu, ya wuce.

Gwen… ban sa ba. A ƙasa na sa miki. Da gangan. Na sace miki, na dawo asibiti da inabi a leda na ce an gama.

Na faɗa. Da bakina na faɗa, na ji muryata ta bugi bango. Jira nake ta ce Royston, cikakken sunan, yadda take yi in zan sha faɗa. Ta mare ni ma. Ta ce fita min daga gida.

Tana kallona… tana kallon kwanon… idon yana janyewa, ina ganinsa yana tafiya kamar fitilar mota a hazo. Tururin miya ya taɓa fuskarta. Ta yi murmushi. Ta ɗora tafin hannu a kumatuna.

— Danuta. Kin dawo. Ai na ce masa ya sa a sama.

Ta buɗe baki.

Cokali ɗaya. Ta haɗiye. Biyu. Miya na zuba a rigarta. Me zan ce? Wa zan ce ni ne? In na ce Roy ne ta rufe bakin, Juma'a su zo da kujerarsu. Na ji wata murya ta fito daga maƙogwarona, siririya, ba muryata ba — Mama, buɗe baki. Ta buɗe. Uku. Huɗu.

Ta ji ni kuwa? Kafin idon ya tafi, ta ji? Ko ta ji ne ta zaɓi wanda za ta ci daga hannunsa…

Waya na ƙara. Ƙarfe huɗu daidai, ba ta makara ba. Na san abin da za ta ce. Daidai ne ko kuskure, yallaɓai, ɗaya za ka zaɓa. Wace daga ciki, baiwar Allah? Biyu na kaɗa. Takardarki tana da gidan da za a sa wannan?

Bari ta yi ta ƙara. Hannuna biyu a cike suke.

Kai kuma da kake jina, ka tsuke baki kana cewa kai ba za ka yi ba — an taɓa ba ka takardar wani a inda ba mai gani, kana da yaƙinin kai ne mai gaskiya? Ba ka taɓa zaɓar wa wanda kake so abin da ya roƙe ka kada ka zaɓa ba, ka dawo gida ka ce an gama? Dube ni nan, da tawada a goshi. Ce min ƙarya nake yi.