Zanen Da Ya Kwance Ɗaurin Bappa

Ni ne Dogo Magini na Ɗanzomo. Sanƙarau ya gwada ni ya haƙura, soro ya rufta da ni na fito ina kakkaɓe riga. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk zanen bangon da ya burge ka daga nan har Gumel, hannuna ne.

Bara amalanken shanu ya take mini ƙwauri a hanyar Maigatari. Bappa maɗori ya jera karare, ya ɗaure tamau, ya yi tofi, ya wuce ta'aziyya Damagaram. A al'adarmu, ɗaurin da aka tofa ba mai kwance shi sai mai shi. Yatsun ƙafar suka kumbura, suka yi sanyi, suka soma baƙi.

Iyalina suka kai ni asibiti a Gumel, ina faɗa. Likitar, Fadimatu sunanta, ta latsa yatsun.

"Baba, in ba a kwance yau ba, ƙafar za a yanke."

"'Yar nan, kin leƙa cikinta ne?"

"An leƙa mana tun kafin a haifi kakanka."

Ta ciro wani zane daga bango ta shimfiɗa mini a cinya. Ƙafar mutum ce ba fata: ƙashi, tsoka, da hanyoyin jini ja da shuɗi, suna rassa har ƙarshen ɗan yatsa. Ta ce masu zane na zamanin da sun zauna gefen likitoci ana buɗe gawa, suna zana abin da ido ya gani, shi ake koyo har yau.

Na bi jan layin da farce. Mai zane ya san hannun ɗan'uwansa. Wanda ya ja layin nan bai yi kame-kame ba.

"Ga inda kararen suka danne," in ji ta. "Kai magini ne. In indararo ya toshe fa?"

"Soro ya jiƙe ya faɗi."

Na ce ta kawo almakashi, ni zan ji da Bappa. Da jinin ya sauko, sai ka ce tururuwa ta mamaye ni.

Ƙaramin yatsa ya tafi, ƙafa ta tsira. Da ita na hau tsani na zana rassan nan a goshin zaurena. Bappa yakan wuce ba sallama, amma na sha kama shi yana ɗaga kai.