Ranar Da Aka Ja Celso Da Rigar Fada

Dolores Macaraeg, wadda duk masu harkar fim a Manila suke kira Tita Dolor, ita ce ta tsinto Celso Abrenica yana soya ƙwallon kifi a bakin titi a unguwar Quiapo. Ta ga tsayinsa, ta ga yadda yake zolayar masu saye har su manta sun zo da sauri, sai ta ce masa ya wanke hannu ya biyo ta. Ita ta gyara masa haƙora, ta koya masa tafiya, ta zama manajarsa. Kafin a ankara fuskarsa ta hau allunan talla da bayan motocin haya, mata suna suma idan ya fito daga otal. Celso kuwa ya ci duniyarsa da tsinke. Tita Dolor ta sha zuwa ɗauko shi daga gidan giya, ta sha rufe bakin 'yan jarida saboda shi.

Yana tsakiyar tashensa aka ba shi fim ɗin da zai fito a matsayin Fada, wato limamin cocin Katolika. Aka kwashi ma'aikata zuwa wani ƙauyen masunta a tsibirin Samar, inda guguwar teku ta wuce ba da daɗewa ba, don darakta yana son rusassun gidaje na gaske. Tita Dolor ta bi su da lemarta da maficinta, tana mitar sauro.

Ran nan da hantsi an dakata a gyara kamara, Celso yana zaune a inuwar kwakwa cikin farar rigar Fada, da gicciye a wuya, yana shan taba a ɓoye. Sai ga wata mata ta keto cikin 'yan kallo a guje, ba takalmi, ta damƙe hannun rigarsa. Sunanta Aling Sabel. Ta ce mijinta na can zai cika, ginshiƙin gida ne ya danne shi ranar guguwa, Fadan yankin kuma yana wani tsibiri, ba jirgi. Ba ta taɓa ganin fim ɗin Celso ba, rigar kawai ta gani.

Tita Dolor ta miƙe za ta yi mata bayani, amma matar ta riga ta ja shi, shi kuma ya bi ta kamar wanda aka ɗaure. Dole Tita Dolor ta bi bayansu cikin taɓo da takalminta mai tsini.

A cikin wata bukka da aka rufe da leda suka tarar da mijin matar, Mang Ambo, kwance a kan tabarma, ƙirjinsa ya kumbura, numfashi na fita da ƙyar. Da ya ga farar riga sai ya miƙo hannu. Tita Dolor tana bakin ƙofa tana yi wa Celso alama da ido ya faɗi gaskiya su tafi. Ta ga ya buɗe baki, ya dubi matar, ya rufe. Sai ya durƙusa ya kai kunnensa bakin mutumin.

Ba ta ji abin da Mang Ambo ya faɗa ba. Ta dai ga fuskar Celso tana canzawa, jini ya bar ta. Da mutumin ya gama furta zunubansa, Celso ya ɗora masa hannu a ka ya karanta addu'ar da ya haddace don fim. Mang Ambo ya saki ajiyar zuciya, bai ƙara wani numfashin kirki ba. Matar ta sumbaci hannun Celso tana godiya.

Suna fita ya zagaya bayan bukkar ya yi ta amai. Tita Dolor ta tsaya riƙe da lema. Ta taɓa ganin mutuwa a gaban kamara ba adadi, amma ba ta taɓa ganin wadda ba a tashi bayanta a karkaɗe riga ba.

Celso ya ƙarasa fim ɗin, fim ɗin kuma ya karɓu ƙwarai. Sai dai ya daina fita shaƙatawa. Tita Dolor ta ji labarin ya koma Samar shi kaɗai ya faɗa wa Aling Sabel cewa shi ba Fada ba ne, ya kuma kai Fada na gaske ya yi addu'a a kabarin. Tita Dolor ta ɗauka abin zai wuce.

Bayan bikin Ista ta gayyace shi cin abincin rana don ta nuna masa sabon aiki. An kawo miyar tsamiya da kifi, tana zuba masa bayani, sai ya ajiye cokali.

"Tita, zan shiga makarantar horar da Fadoci."

Ta tambaye shi wane darakta ne ya ba shi wannan aikin a bayan idonta. Ya ce ba fim ba ne. Ta yi dariya har ta ƙware, ta ga bai yi ba. Nan ta shiga jero masa tambayoyi: ko wata ce ta yi ciki, ko likita ya faɗa masa wani abu, ko ƙwaya ya fara sha. Duk ya girgiza kai.

"Kai? Kai da na ɗauko daga ƙarƙashin tebur a mashayar Malate, wando a hannu? Wane bishop ne zai karɓe ka?"

"Mutumin nan ya ba ni abin da ya fi nauyi a ransa, Tita, ni kuwa hannuna babu komai. Ba na son a sake kirana in je haka."

Ta tashi ta bar shi da abincin. Jaridu suka yi ta yayatawa, wasu suka ce talla ce, wasu suka ce ya zautu. 'Yan mata suka yi dandazo a ƙofar makarantar suna kuka. Tita Dolor ta rantse ba zai kai Kirsimeti ba. Kirsimeti ta zo ta wuce, wasu suka biyo ta. Ranar da aka naɗa shi Fada ma ba ta je ba, ta ce ciwon ƙafa.

Sai da tsufa ya kama ta sosai, ta rufe ofis, sannan ta shiga jirgin ruwa zuwa ƙaramin tsibirin da aka tura shi. A bakin gaɓa ta tambayi wani mai gyaran raga inda za ta sami Celso Abrenica, jarumin fim. Ya ce bai san shi ba, Fada Celso dai yana can kan rufin coci.

Wani baƙin mutum mai sanƙo, siriri, ya sauko daga tsani da guduma a hannu. Haƙorinsa ɗaya na gaba babu. Ta dafe ƙirji.

"Haƙoran da na sha wahala a kansu!"

Ya yi dariya ya rungume ta, yana warin gumi da kwanon rufi mai zafi. Bai bar ta ta zauna ba, ya ce ta zo a kan gaɓa: akwai jaririyar da za a yi wa baftisma yanzu, wadda za ta tsaya mata a matsayin uwar baftisma kuma ruwa ya hana ta ƙetarowa. Tita Dolor ta ce ita ba ta san mutanen ba, rabonta da coci ma ta manta. Kafin ta rufe baki an ɗora mata jaririyar a hannu.

Ta tsaya a gaban kwanon ruwa tana kallonsa ya sa farar riga. Ya karanta addu'ar a hankali, bai ɗaga murya ba, bai juyo da gefen fuskarsa mai kyau wajen jama'a ba. Da ruwan ya taɓa goshin yarinyar ta tsala ihu, Tita Dolor ta shiga jijjiga ta, tana tambayar mahaifiyar da raɗa wane suna aka ce.