Allurar Gidan Abdulghani

Zubaidatu ta shekara goma sha ɗaya tana sayar da soyayyar gyaɗa da aya a bakin wani masallaci a unguwar Kurayyat, can ƙasa mai tsarki, kafin ciwon ya same ta, a shekarar 2004. Ya fara da jan tabo a kumatunta biyu, wanda ya haɗe ta kan karan hanci. Daga baya yatsunta suka riƙa kumbura da safe, har ƙulla leda ya gagare ta. In ta wuni a rana, washegari ba ta iya tashi.

Mijinta Gwadabe, direban motar ruwa, ya kai ta wani ƙaramin asibiti. Likitar, 'yar Masar, ta ɗebi jininta sau biyu, sannan ta ce sunan ciwon zi'iba hamra, wanda Turawa ke kira lupus. Ta ce jiki ne ke yaƙar kansa, kuma ba a rabuwa da shi, sai dai a lallaɓa. Ta rubuta mata ƙwayar kortizon, ta hana ta zama a rana.

Ƙwayar ta yi aiki, amma fuskar Zubaidatu ta cika ta yi fam, barci kuma ya ƙaurace mata. Matan unguwa suka fara tambaya ko juna biyu gare ta.

Maƙwabciyarta Jamilatu, Bahaushiyar Sudan, ita ta ba ta labarin Abdulghani, wani tsoho Musulmi ɗan asalin ƙasar Sin da ke unguwar Madain Fahd. Iyayensa sun zo hajji tun yana goye suka zauna, kuma wajen mahaifinsa ya koyi magani da allura. Ranar wata Talata suka tafi tare.

Tsohon ya ɗora yatsu uku a wuyan hannunta ta saman mayafi, ya daɗe yana saurare, sannan ya ce ta fito da harshenta. Ya tambayi abin da asibiti suka ba ta, ya ce ta ci gaba da sha. 'Yarsa ce ke yi wa mata allura a bayan labule. Alluran sirara ne kamar gashi. Ta kafa su a gwiwa, da bayan hannu, da tsakanin yatsun ƙafa, ta bar su rabin awa. Aka haɗa mata da ƙullin saiwoyi da ɓawon itace, ta riƙa dafawa tana shan ruwan.

Cikin mako shida gaɓoɓinta suka saki, barci ya dawo. Sai ta ajiye ƙwayar asibiti a ƙasan akwati ba tare da ta gaya wa kowa ba. Fuskarta ta saɓe, har ta koma bakin masallaci da tirenta.

Bayan azumi ƙafafunta suka kumbura, fitsarinta ya riƙa kumfa. Ranar Talata 'yar tsohon ta danna mata ƙwauri da ɗan yatsa, wurin ya loɓa bai taso ba. Ta mayar da alluran cikin kwalinsu, ta kira mahaifinta.

Ya tsaya a bayan labule ya tambaya, "'Yata, ƙwayar asibiti fa?"

"Baba, na ajiye ta tun Sha'aban."

Ya ce, "Allurata tana rage ciwon gaɓa, tana kawo barci. Ba ta kai ga ƙoda. Yalla, tashi ki tafi asibiti."

Kafin ta fita ya zauna ya rubuta sunan kowace saiwa da ya taɓa ba ta, da Larabci da kuma rubutun Turawa, ya ce ta miƙa wa likita, don shi ma bai da tabbas ko akwai hannun maganinsa a ciki. Ya ce kada ta dawo sai da amsa.

Likitar ta yi faɗa sosai, ta tura ta babban asibiti, inda ta kwana tara. Da likitar ta karanta takardar tsohon, ta kira wani abokin aikinta suka duba tare, suka ja layi a kan sunaye biyu. Allura kuwa ta ce ba ta hana ba, muddin sabuwa ce. Gwadabe ya kai takardar Madain Fahd da kansa. Abdulghani ya sa tabarau ya duba, ya ce halas, shi ke nan, ya cire biyun daga haɗin.

Zubaidatu ba ta sake zama a rana ba. A gida take suya, Gwadabe yana rarraba wa shaguna a hanyarsa ta aiki. Tana shan ƙwayarta, tana zuwa allura sau biyu a wata, har bayan rasuwar tsohon a 2009, lokacin da 'yarsa ta riƙe gidan. Ƙodarta ba ta koma daidai ba, aka hana ta gishiri. Da fari tukunya biyu take ɗorawa, ɗaya da gishiri ɗaya babu, daga baya Gwadabe ya ce ta daina wahalar da kanta, ya koma cin nata.