Littafin Masu Kwale-kwale

Malamar aji uku tana da wata baiwa da take ji da ita a ranta: ta iya karatu a juye. Za ta zauna a kan 'yar kujera, ta ɗora littafin hotuna a gwiwa, ta juya fuskarsa ga yara, sannan ta leƙo ta samansa tana karanta rubutun kai a ƙasa, ba inda harshenta zai sarƙe. Hannun hagu yana tallafe da bayan littafin, yatsun dama kuma suna damƙe da kusurwar sama don kada shafi ya kife. Ta daɗe tana haka, har kusurwoyin littattafanta duk sun yi duhu da shatin yatsu.

Littattafan akwati guda ne, duk labaran yaran wasu ƙasashe. Akwai masu zuwa makaranta cikin dusar ƙanƙara, akwai masu kwana a tanti, akwai wani yaro mai rainon ɗan giwa. In an dawo daga hutun tara ranar Alhamis, sai a tura bencina jikin bango a baje a ƙasa, kuma ko mai zazzaɓi ba ya yarda a kai shi gida kafin a rufe littafi.

Ana tsakiyar zango aka kawo wata yarinya. Yaƙi ne ya koro su daga ƙasarsu, ita da mahaifiyarta. Malama da sunanta take kiranta, amma aji ya riga ya raɗa mata Baƙuwa, kuma in yara suka raɗa maka suna, sai dai haƙuri. Tana jin harshen garin sarai, aikinta ma tsaf yake, sai dai baki ne ba ta buɗewa. Takalmanta kullum a goge, ta zauna kusa da taga, ta tashi in an tashi. Malama ta gwada waƙa, ta gwada wasa, ta gwada ba ta rabon alli, duk shiru. Abin yana ci mata rai, domin tana son yarinyar, kuma ta san yaron da bai yi magana a aji ba bai gama shigowa ba.

Wata rana tana kakkaɓe akwatin, sai ta ci karo da wani littafi a can ƙasa. A bayansa an rubuta sunan ƙasar da labarin ya fito, kuma ƙasarsu Baƙuwa ce. Malama ta ji kamar ta taka rawa. Ko shawara ba ta yi da kowa ba, mai kyakkyawar niyya ai ba ya ganin yana bukatar shawara.

"Yau za mu je garinsu ɗaya daga cikinmu," ta ce ranar Alhamis, bakinta har kunne. "Ku dubi nan. Ƙasarsu ƙawarku ce."

A hoton, gidajen katako ne tsaye a kan sanduna cikin kogi. Yara ba takalmi suna tuƙa kwale-kwale zuwa makaranta, wata tsohuwa tana shanya kifi. Hoto ne mai kyau ƙwarai. Kawunan aji duka suka juya ga taga.

Akwai wata yarinya da ake kira Rediyo, saboda ba a taɓa samun inda ake kashe ta ba. Ta ɗaga hannu, amma ba ta jira an kira ta ba.

"Malama, ashe shi ya sa take ta goge takalmi? Nan ta fara sawa?"

Aji ya kwashe da dariya. Malama ta tsawata, ta ci gaba da karatu, tana satar kallon Baƙuwa. Yarinyar ba ta dubi masu dariya ba. Ta miƙa wuya, idonta a kan hannun Malama, kamar mai son leƙa bayan labule. Malama ta ɗauka kunya ce.

Kafin a tashi, rula ta zama matuƙi, benci ya zama kwale-kwale. Wani ma ya zana kifi da alli a kan teburin Baƙuwa. Washegari wurin taga ba kowa, haka ma Litinin. Malama ta goge kifin da hannunta, ta yi wa aji faɗan da ba su taɓa ji ba, har Rediyo ta yi kuka. Amma ta san ba su ne suka ɗauko littafin ba.

Ranar Talata bayan an tashi, tana share allo, sai ta ji sallama. Mace ce doguwa, riƙe da hannun Baƙuwa. Suka gaisa a tsaye.

"Malama, littattafanta muka zo karɓa, da gorar ruwanta. Zan nema mata wata makaranta."

"Don Allah 'yar'uwa, ki zauna mu yi magana."

"Ba sai na zauna ba." Muryarta ba ta tashi ba, kuma da ta tashi da ya fi wa Malama sauƙi. "Can garinmu a bene muke zaune, Malama, tsakiyar birni. Ni a kantin magani nake aiki. Yarinyar nan ba ta taɓa shiga kwale-kwale ba, ko baho aka cika da ruwa tsoronsa take ji. Mutanen kogi suna nan, mutanen kirki ne, muna sayen kifinsu. Amma kin tara yara kin ce musu ga mu."

"Na so ne su san inda ta fito, ko ta saki jiki."

"Da kin tambaye ni." Ta dubi 'yarta. "Tun ranar nan ba ta da zance sai na littafin. In gan shi mana, in san abin da aka nuna."

Malama ta ɗauko shi. Sabo mugun abu ne: maimakon ta miƙa mata, sai ta sami kanta zaune a 'yar kujerar nan, littafi a gwiwa, fuskarsa ga baƙi, yatsu a kusurwar sama. Ta buɗe shafin kogin, kunya kamar ta nutse.

Baƙuwa ta zare hannunta daga na uwarta. Ta tako har gaban Malama, ta kama yatsun nan ta ɗage su ɗaya bayan ɗaya.

Malama ta leƙo. Can a kusurwa, inda kogin ya yi kwana, mai zanen ya sa wata gada ta ƙarfe, koriya. Bayanta dogayen gine-gine ne cikin hazo, a kanta kuma ga wata 'yar bas rawaya, ba ta fi ƙwayar wake ba. Malama ta karanta shafin nan kai a ƙasa, ta bi kowace kalma, ba ta taɓa ganinsu ba.

"Babana ne ke tuƙa ta," in ji yarinyar. Muryarta a shaƙe take, irin ta wanda ya daɗe bai yi magana ba. "Ran nan na hango ƙafar gadar. Ina so in gani, kin rufe."

Uwar ta matso. Ta daɗe tana kallo, sannan ta lalubi bencin yara ta zauna, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta.

"Kullum da safe ta nan nake wucewa aiki," ta ce. "Ba ya karɓar kuɗina, sai ya ce in biya shi da abincin dare." Ta ɗan yi dariya. "An karya gadar. Shi yana wancan gefen lokacin. Har yau ba mu ji daga gare shi ba. Ko hotonta ba mu fito da shi ba."

Hawaye ya zubo wa Malama, ba ta da hannun sharewa, domin yarinyar tana riƙe da yatsunta har yanzu, kada su koma inda suke.

"Ki yafe min, 'yata," ta ce.

Baƙuwa ta sa ɗayan hannun ta nuna wani gini mai tagogi ƙanana. "Namu yana bayan wannan. Ba a zana shi ba."

Can uwar ta miƙe, ta gyara mayafinta. Malama ta tashi ta ɗauko littattafan rubutun da gorar ruwan daga cikin kabad, ta miƙa mata. Matar ta karɓi gorar, ta jijjiga ta, ta ce tana bukatar wanki. Littattafan kuwa ta dube su, ta mayar kan teburin da ke kusa da taga.

Sai da suka kai bakin ƙofa ta juyo.

"Alhamis kuke yin karatun nan, ko?"

"Alhamis ne."

"To, in kin ɗaga musu shi, Malama, ki riƙe ta ƙasa. Ita za ta nuna musu sauran."