Doki Tamanin da Takwas

"Kada ka bari mai awon ya taɓa kabureta," in ji Injiniya, yana miƙo makullin mota daga kan gado. "Awo za ka kai ta, ba gyara ba."

Tela ya karɓa da hannu biyu. Shekara talatin ke nan katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma a tsawon wannan zama iliminsa na mota bai wuce tuƙi da sanin inda ake zuba mai ba. Injiniya kuwa, wanda babu makarantar da ta ba shi wannan suna sai mutanen layi, ya shafe wata takwas a kan injin tsohuwar motarsa. Ya goge kan silinda, ya sauya salansar hayaƙi, ya daidaita wuta da kunnensa, sannan ya rantse ta kai ƙarfin doki ɗari. Masu sabon gareji, waɗanda ke gyara da kwamfuta, suka yi masa dariya a gaban jama'a, suka ce kunne ba ma'auni ba ne. Kafin ya kai ta a auna, ciwon zuciya ya kwantar da shi.

"Idan ba ta kai ɗarin ba fa?" Tela ya tambaya.

"Sai ka ɗinke mini baki da keken nan naka. Je ka dawo, maƙwabci. Ina nan, ba ni da wata unguwa."

Matarsa, wadda ke bakin gado riƙe da kofin ruwa, ta ce, "Ka ji shi ko? Likita ya ce ya huta, shi kuma dawaki yake ƙirgawa."

Wurin awon wani dogon ɗaki ne mai rufin kwano a bayan tasha. Ma'aikacin ya ɗora tayoyin motar a kan gangunan ƙarfe da aka binne a daɓe, ya ɗaure ta gaba da baya, ya kunna mata babbar fanka a hanci. Da ya taka totur, tayoyi suka yi ta gudu ba tare da sun je ko'ina ba, ƙara ta cika ɗakin har Tela ya toshe kunnuwa. Sau uku aka yi haka. Takarda ta fito da layi mai hawa kamar tudu, a ƙarƙashinsa lamba: tamanin da takwas.

"Babu kuskure?"

"Baba, na'ura ba ta san kowa ba," in ji ma'aikacin, yana yafito mota ta gaba.

Tela bai ƙara tambaya ba. A sana'arsa, wandon da ya gaza da inci goma sha biyu ba a kiransa wando. Daga nan zuwa gida tafiyar minti ashirin ce, amma ya rasa bakin da zai faɗa. Ya yi tunanin ƙarya, sai ya tuna Injiniya takarda zai nema. Ya biya kasuwa ya sayi zaren da ba ya bukata. Ya faka a gindin wata bishiya ya zauna yana tsara kalmomi. Sau biyu matar Injiniya ta kira shi a waya, sau biyu ya kife wayar a kan kujera, domin jawabin bai kammala ba.

Sai bayan ƙarfe uku ya shigo layi. Takalma ya fara gani, jibge a ƙofar gidan, wasu a kan wasu.

Matar ta tsaya a bakin ɗaki, idanunta a bushe. "Har ƙarfe biyu yana tambaya ko an ji ƙarar mota," ta ce. "Wai tun daga kwana zai gane ta." Babu zargi a muryarta. Da akwai, da ya fi masa sauƙi.

Dogo, tsohon makanikin da suka koyi aiki tare da mamacin, ya zare takardar daga hannun Tela, ya nisanta ta da fuskarsa yana karantawa.

"Kai, tsohon nan da kunne!"

"Ai ba ta kai ba," in ji Tela.

"Wa ya ce? Malam, na'urar nan a taya take aunawa. Kafin ƙarfi ya iso taya, giya ta ci rabonta, sauran ƙarafa sun ci nasu. Tamanin da takwas a taya, a inji ta haura ɗari, da uku ko huɗu. Wallahi da ya ga wannan, da ya tashi zaune."

Daga nan idon Dogo ya kai saman takardar, inda na'ura ta buga lokacin awo: ƙarfe goma da minti arba'in na safe. Ya dubi Tela. Ya ninke takardar gida huɗu, a hankali, ya saka masa a aljihun riga.

Tela ya fita waje. Maza na shimfiɗa tabarmi a inuwar katanga, suna magana ƙasa-ƙasa. Ya je ya tsaya a gaban motar, ya ɗora tafinsa a kan murfin inji. Da sauran ɗumi. A ciki ƙarfe yana ɗan ƙas, ƙas, yana hucewa.