Awon Inna da Rigar Nutso

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Firamare kawai na yi a Maraɗi, kuma ko a gida ni ba mai yawan magana ba ce. Amma abin ya ƙi barin raina.

Yayana Habibou ya rasu a ruwa bara, a wani tafki da ke bayan garin Greensboro na Amurka, inda muke zaune yanzu. Ba a same shi ranar ba, ba a same shi washegari ba. Mu da muka saba kai mutum makwancinsa kafin rana ta faɗi, sai ga mu zaune a bakin ruwa, likkafani a ninke cikin mota. Inna ta ƙi tashi daga wurin. 'Yan sa-kai masu nutso ne suka fito da shi. Da mai riƙe da shi ya cire gilashin fuska, sai na ga mace ce mai furfura. Sunanta Darlene.

Bayan an share makoki na neme ta, na ce da guntun Turancina ina son in koyi aikin. Ta koya mini iyo, sannan nutso da tulun iska, duk a ruwan ɗumi na cikin gini. Da sanyi ya shigo ta ce saura gwaji ɗaya, a wani tsohon ramin fasa dutse da ruwa ya cike. Wanda ya ci zai shiga ƙungiyar. Wanda bai ci ba sai baɗi.

Inna tela ce, a falonmu da ke titin Gate City take ɗinki. Duk wadda ta zo, sai ta auna ta sannan ta ɗora yatsu huɗu a kan awon. "Kaya sai da sarari," in ji ta. Ba ta hana ni nutso ba. Sharaɗinta ɗaya ne: ba zan tsaya gaban maza da abin da zai fitar da surar jikina ba.

Anti Bebi, ƙawar Inna, ita ta kai mu shagon kayan nutso a motarta. Mai shagon ya sauko da riguna biyu, yana bayani ina fassarawa. Ta farko ta roba ce mai kauri, suna ce mata wetsut. Ruwa kaɗan ke shiga cikinta, jiki ya ɗumama shi, shi kuma ya riƙe ɗumin. Ta biyu busasshiya ce, ruwa ba ya shiga sam, tana da faɗi, har kaya ake sawa a ciki.

"To ai ga tamu," in ji Inna.

Na gaya mata abin da mai shagon ya ƙara: busasshiyar iska ake hura mata, kuma in mutum bai iya ba iskar kan taru a ƙafafu ta kifa shi, ta cilla shi sama. Tana da nata horon daban, sai bazara ake farawa.

Inna ta ɗaga ta robar daidai ni, ta yamutsa fuska.

"Wannan fatar maciji ce," Anti Bebi ta ce. "Hajiya, ko ni da aka sani da rashin kunya ba zan sa ba."

Inna ta bi layin rigunan ta zaro wata babba. Mai shagon ya girgiza kai, ya ce dole ta kama jiki. Na fassara.

"Shi me ya sani? Tun da nake ban taɓa jin babbar riga ta fi ƙarama sanyi ba. Ki sa suwaita a ciki."

"Wannan kam har ni zan shiga mu tafi tare," in ji Anti Bebi.

Babbar muka saya. Ranar gwajin na rufa da hijabi har bakin ruwa, kayan tulun suka rufe sauran, na yi sauri na shiga. Da farko na ɗauka haka sanyin yake ga kowa. Amma duk motsin da na yi, sai sabon ruwa ya kwararo ta wuya ya bi bayana ya fita ta ƙafa. Suwaitar ta jiƙe ta yi nauyi. Muka yi ƙasa, hasken ya koma kore, sannan ya dushe. Darlene ta yi mini alama da yatsu tana tambaya ko lafiya. Na so in mayar mata, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Nan na tuna Habibou, na ce ashe a irin wannan wuri ya kwana.

Ta kama ni muka hau a hankali. A bakin ruwa ta ja robar cikina, ta ga yadda ta taso kamar buhu, ta dube ni.

"Wa ya zaɓa miki wannan?"

Na waiga. Inna na tsaye da bargo.

Darlene ta ce zaɓi biyu gare ni. Akwai gwaji na ƙarshe Asabar mai zuwa, da riga daidai jikina. Ko in jira horon busasshiyar, in dawo baɗi. Ta ce duka biyun babu laifi, amma da wannan ba za ta sake barina in taɓa ruwa ba.

Inna ta kama hannuwana za ta murza. Sai ta tsaya cak, ta riƙe su kawai. Daga nan Anti Bebi ta mayar da mu gida.

Bayan la'asar na sami Inna zaune gaban keken ɗinki, ba ta ɗinka komai.

"Inna, zan jira busasshiyar. Baɗi ba nisa."

"Mounira, da na taɓa goshin Habibou ranar da aka fito da shi, haka na ji. Irin sanyin hannunki na yau." Ta kalli tagar. "Ni na jawo miki shi."

"Ba ki sani ba ne."

"An gaya mini." Ta juyo. "Ke me kike so? Ba ni ba, ke."

Ban saba a yi mini wannan tambayar ba. Na ce ina tuna yadda ta zauna a bakin tafkin, kuma ba na son wata uwa ta yi irin zaman alhali ina gida ina jiran bazara.

Ta miƙe ta ciro tef daga wuyanta. "Tsaya sosai. Ɗaga hannu."

Ta auna ƙirji, ta auna ƙugu, ta auna tsawo. A kowane awo ina ganin yatsunta huɗu suna tasowa da kansu, sai ta mayar da su. Ta rubuta lambobin da alli a kan ƙyalle. Sannan ta jawo wani yadi mai kauri irin na tawul ta shimfiɗa.

"Wannan za ki rufa da shi har ruwa ya kai miki gwiwa. Ni zan tsaya in karɓa. In kin fito ina nan."

Shi kam ta sa masa sarari, har ya yi yawa.

Washegari da safe na hau bas ni kaɗai zuwa shagon. Na ajiye ƙyallen a gaban mai shagon, na ce da bakina ya ba ni wadda ta yi daidai da wannan. Na shiga ɗakin gwaji na sa ta. Ta matse ni ko'ina, da ƙyar na ja zif ɗin. Na ce masa ita nake so.