Hannun Hagun Zakari

A shekarar da sojoji suka yi alkawarin komawa bariki, Katsina ta cika da lasifika. Kowace jam'iyya ta ɗaura tata a kan mota, kowane ɗan takara kuma ya ɗauka in ba a kaɗa masa jita a dandali ba, to bai waye ba. Molo kuwa wai na tsofaffi ne da mutanen ƙauye, sai ka ce su a Ingila aka yanke musu cibiya.

Zakari mai gyaran keke a Ƙofar Marusa ɗan gidan molo ne gaba da baya. Ubansa, Shehu Mai Molo, da kiɗan ya baro ƙauye, kuma yana da wani take da ya gada wurin nasa uban. Ba a taɓa ɗaukarsa a kaset ba, ba kuma wanda ya iya shi sai Shehu da ɗansa. Damina biyu da suka wuce ɓarin jikin tsohon na hagu ya shanye. Tun daga ranar, taken nan ba shi da wurin zama a duniya sai yatsun Zakari. Ya san haka sarai, kuma bai taɓa niyyar sakinsa ba. Jita dai ya ce zai ɗan taɓa, tunda ita ake yayi.

Wanda ya koya masa shi ne Kofur Almu, tsohon makaɗin badujalar 'yan sanda, wanda ke tara samari a zaurensa na Ƙofar Kwaya don su yi wa wani ɗan takara kiɗa. Ranar farko ko jitar bai ba shi ba. Hannun hagunsa ya kama ya duba, ya miƙa masa reza.

"Yanke akaifar ga duka. Nan ba molo ba ne da za ka bi tsirkiya ɗaya da yatsa ɗaya. Yatsu uku za su sauka tare, shi muke ce ma kamu."

Kamu uku ya ɗora masa: Si, Ef da Ji. Si da Ji sun zo da sauƙi. Ef kuwa azaba ce tsagwaronta, don sai manuniya ta kwanta a kan tsirkiya biyu, sauran yatsun su miƙe kamar za su rabu da hannun. In Zakari ya kaɗa, sai ƙarar ta fito kamar ƙuda a cikin kwalba, samarin su kwashe da dariya. Shi da aka haifa cikin kiɗa! Abin ya ci masa rai ƙwarai, har ya samo guntun katako ya ɗaɗɗaure masa wayar birki guda shida, ya ajiye a rumfarsa. Ana jiran faci ya bushe, shi yana can yana sauya kamu, Si zuwa Ef, Ef zuwa Ji. Yatsun suka yi ƙuraje, suka fashe, suka yi kanta mai tauri. Ranar da Ef ta fito masa tar, ya koma gida yana murmushi shi kaɗai a hanya. Wata huɗu ke nan molo na rataye a ƙusa bai taɓa shi ba.

Wata la'asar ya ce bari ya gwada taken gidansu a jita. Komai ya hau, sai wuri ɗaya a tsakiya, inda taken ke karyewa kamar muryar mai shirin kuka. Wuyan molo sumul yake, yatsa na iya tsayawa ko'ina. Wuyan jita kuwa an gindaya masa ƙarafa, sun raba shi gida-gida. Zakari ya danna wannan gida, ya yi ƙasa da yawa. Ya danna na gaba, ya yi sama.

"Kofur, shina tsakaninsu hwa," in ji shi.

"Babu komi tsakaninsu, masu abin sun riga sun auna," in ji Almu. "Ɗauki na kusa. Wa zai gane a cikin hayaniyar dandali?"

Ya ɗauki na kusa. Samari suka ce ai wannan da shi za a buɗe taro. Daga nan ya shiga maimaita shi a zauren Kofur, a rumfa, a ɗakinsa bayan asuba, ya fi a ƙirga. Bai tuna ba cewa bango ɗaya ne tsakaninsa da shimfiɗar ubansa.

Ranar babban taron, da hantsi, ya sa rigar da aka ɗinka musu iri ɗaya, ya leƙa ya gaida tsohon. Shehu ya amsa da bakinsa da ya karkace, sannan ya nuna ƙusa da haɓa.

"Ɗauko shi. Zamna nan, ta hagu."

Zakari ya kakkaɓe ƙura, ya gyara tsirkiya. Tsohon ya sa aka ɗora masa ƙoƙon molon a cinya, wuyan kuma ya miƙa wa ɗansa.

"Hannun damana na da rai. Ni in kaɗa, kai ka danna."

Suka fara. Hannun Shehu bai mance komai ba, har Zakari ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Da suka iso wurin nan na tsakiya, tsohon ya tsaya cak. Ya ɗauke hannunsa daga tsirkiya, ya kamo yatsan ɗansa, ya ja shi baya kamar faɗin ƙwayar dawa. Ya taɓa tsirkiyar sau ɗaya don ya ji.

"Nan. Mu koma."

Suka koma daga farko. Suna isowa, yatsan ya sake faɗawa inda jita ta saba masa. Tsohon ya sake gyara shi. Hannu ɗaya gare shi: in yana gyara ba ya kaɗawa, in ya koma kaɗawa ba mai tsare yatsan. Sau huɗu suna haka, gumi na tsattsafo wa Zakari a cikin sabuwar riga.

Amma ba yatsan ne ya tsorata shi ba. Duk sanda uban ya ja shi wurin gaskiya ya taɓa tsirkiyar, sai Zakari ya ji kamar nan ne kuskuren. Na jitar ne ya zauna masa daidai a kunne. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

A waje motar ɗan takara ta tsaya, aka danna oda. Muryar Kofur Almu ta biyo baya tana kiran sunansa.

"Baba, mu sake, sau ɗaya."

Tsohon ya sauke hannunsa daga tsirkiya. Ya dubi ɗansa.

"Zakari, kai ka ji inda kake kaucewa?"

Da ya ce e, da an wuce wurin. Ya sunkuyar da kai.

"Ban ji ba, Baba."

Shehu bai yi faɗa ba, kuma da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya jingina da bango, ya lumshe ido, ya buɗe baki zai rera masa wurin da murya. Leɓen da ya shanye ya ƙi riƙewa, sautin ya fito a warwatse. Ya haɗiye yawu ya sake gwadawa. Zakari ya durƙusa, ya kai kunnensa dab da bakin ubansa, ya toshe ɗayan da yatsansa mai kanta. A ƙofar gida direba ya kwanta a kan oda bai ɗaga ba.